Shuni a Ɗakin Inna

Laraba, 17 ga Maris 1954, bayan la'asar

Mun iso Bodinga da Inna. Ƙanena Sodangi ne ya jawo jakin tun daga Shagari, ni kuma na turo kekena a ƙasa ina bin su a baya, don ba zai yiwu uwa tana kan jaki ɗa ya wuce ta yana buga ƙararrawa ba. Hannunta na dama a naɗe yake. Kayanta har yanzu warin hayaƙi suke yi. Matata Safinatu ta kwashe su ta jiƙa, ba ta yi tambaya ba. Abin da ya faru a Shagari ya riga ya faru. Ba wanda ya rasu, jinkar ɗaki ce kawai ta ƙone, jinka kuwa ciyawa ce.

Ni ne ɗan farin Inna. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ba ta yi mini magana kai tsaye, ba ta karɓar abu daga hannuna. Kakata ce ta goye ni. Da can "wancan" nake, amma tun da En'e ta ɗauke ni malamin dabbobi ta ba ni keke na zama "mai keke". Ƙarin girma na samu ke nan. Yau ina tsaye a gabanta ta ce wa Safinatu, "Hwaɗa ma mai keke ban zo zama ba. Kahin azumi ina ɗakina."

Ni kuwa ba na so ta koma. Sodangi rabin shekara yana daji da shanu, ba wanda zai riƙa duba ta. So nake ta zauna a nan gidana, kuma ban san ta bakin wa zan faɗa mata ba.

Alhamis, 18 ga Maris, da hantsi

Ɗakin da muka ba ta shi ne wanda nake ajiye kayan aiki. Ɗaki ne mai kyau, ƙofarsa tana ƙarƙashin rumfa, ga asabari saboda kaji da zafi. Sai dai ba a taɓa yi masa shafe ba. Bango, daɓe, randa, dokin ƙofa, duk launin ƙasa ɗaya.

Na ga ta fito alwala tana bin bango da hannun hagu. Baƙon ɗaki ne, kowa ma haka zai yi.

Asabar, 20 ga Maris, bayan azahar

Na yanke shawara zan yi wa ɗakin shafe. In tsohuwa ta ga an ƙawata mata wuri, ai za ta gane ba a ɗauke ta baƙuwa ba, ba sai na buɗe baki ba.

Ni shuɗi nake so, mai duhu sosai. Na gan shi a ofishin Baturen dabbobi a Sakkwato. Ka shigo daga rana kana zufa, da ka ɗaga kai ka ga bangon sai ka ji kamar an ba ka ruwan randa. Masinjan wurin ya rantse mini ko ƙuda ba ya son sauka a kai. Safinatu kuwa farar ƙasa take so, a ɗan ɗiga mata jar ƙasa ta fito kamar cikin sabuwar ƙwarya, irin yadda matan garinsu Mandera suke yi.

Ta ce, "Malam, ɗaki za ka yi mata ko karohin rini?"

Na ce ɗakin manya za a yi, ba ɗakin amarya ba.

Ta ce, "To ai manyan ma sun hi son su ga inda sunka aje carbi."

Na ce launinta ya yi kama da kunun da ya kwana. Ta ce nawa ya yi kama da hadarin da ba ruwa. Muka yi ta yi har tuwo ya kusa kamawa. Na daɗe ban yi dariya haka ba.

Litinin, 22 ga Maris, da safe

Hannun dai yana warkewa.

Talata, 23 ga Maris, kafin magariba

Na je wurin Mode marini ya ba ni shuni, na dama da farar ƙasa kaɗan da ruwan ƙaro don ya kama bango. Muka shirya da Safinatu kowa ya shafa nasa a gwada, wanda Inna ta yaba shi ya ci. Kafin in dawo daga duba wasu shanu sai na tarar matar nan ta yi mini wayo: ta shafe kusan duk bangon da ƙofa take da launinta, ta bar mini ɗan siririn wuri a gefen ƙofa, bai fi faɗin tafin hannu biyu ba. Na shafa nawa a nan daga sama har ƙasa, ina mita.

Gaskiya nata ba laifi. Da rana ta karkata ɗakin ya ɗan yi haske, kamar an ƙara masa faɗi. Amma nawa yana da kwarjini. Ban faɗa mata na farkon ba.

Safinatu ta tambayi Inna wanne ya fi. Inna ta juya fuska wajen bangon gabas, inda ba a shafa komai ba, ta ce, "Duk sun yi."

Hannuwana sun yi shuɗi har gwiwa. Gobe Fulani za su ce malamin dabbobi ya koma rini.

Alhamis, 25 ga Maris, da yamma

Sodangi ya biyo ta nan zai je Sakkwato. Muna zaure ya ce, "Yaya, ka bar maganar hannun ga. Kai ma ka san ba hannu na ba. Tun bara taka zuba gishiri gehen tukunya." Daga nan ya faɗi kalmar. Ba zan rubuta ta ba.

Ya ce ya yi mata maganar asibitin ido a Kano, ta ce ba inda za ta. Na ce ya sha furarsa. Safinatu ta dama ta da kyau yau, da nonon da wata Bafulatana ta aiko mini.

Asabar, 27 ga Maris, da hantsi

Na ci! Yau da safe ina gyaran sarƙar keke a tsakar gida, asabarin a ɗage, na ga Inna ta tashi daga kan gado ta nufo ƙofa sak, ba ta taɓa bango ba. Ta ɗora hannu daidai kan shuɗin nan nawa, ta ɗaga ƙafa ta tsallake dokin ƙofa. Da azahar jiya ma Safinatu ta ce haka ta yi.

Na ce, "Kin gani ko? Shuɗi idonta ka so."

Safinatu ta ce, "Na gani, Malam. Amma ka bi a hankali."

Wane a hankali? Na koma wurin Mode na kwaso shuni mai yawa.

Talata, 30 ga Maris, bayan la'asar

Inna ta kwana biyu a ɗakin Safinatu, ni kuma na shafe nata tas, bango huɗu, har kan launin Safinatu, har cikin alkukin da ake ajiye fitila. Ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Ka shiga ka ji sanyi tun kafin ka zauna. Maƙwabta mata sun shigo kallo. Wata ta ce ko gidan hakimi ba ta ga irinsa ba, ni kuma na yi kamar ban ji ba, na ƙara tsayawa kusa.

Laraba, 31 ga Maris, da safe

Zan tafi Kajiji allurar shanu. Raina fari ƙal.

Asabar, 3 ga Afrilu, bayan magariba

Na dawo. An sake randar ɗakin Inna, waccan ta fashe. Safinatu ta ce tuntuɓe ne. Akwai ɗan ƙujewa a ƙaurin Inna, ba wani abu ba ne. Hannun yana warkewa.

Lahadi, 4 ga Afrilu, da azahar

Ba ta fito ba yau sai da Safinatu ta shiga ta fito da ita. Ita da ba ta iya zama wuri ɗaya, da take tsinkar zogale tana faɗa da kaji, tana zaune bakin gado tun safe. An kai mata buta ciki.

Zafi ne. Ɗakin ya fi tsakar gida sanyi, shi ya sa.

Talata, 6 ga Afrilu, bayan asuba

Safinatu tana wanka, Inna ta taso za ta fita. Ina jin ta daga waje tana laluben bango, ta wuce ƙofar, ta kai lungu, ta dawo. Na kasa haƙuri na shiga na miƙa hannu na taɓa gwiwar hannunta. Da ta ji ko wane ne sai ta janye kamar ta taɓa garwashi. Ta koma ta zauna, ta ce wa iska, "A kira man ɗiyag ga."

Na fita na kira Safinatu. Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce, tun ina yaro na sani. Duk da haka abin ya yi mini ciwo.

Da hantsi ta ce a aika wa Sodangi ya zo da jaki. Ta ce azumi ya matso, Sha'aban ya kama.

Laraba, 7 ga Afrilu, da yamma

Ban aika ba tukuna.

Juma'a, 9 ga Afrilu, bayan saukowa daga masallaci

Abin da ya faru yau sai na rubuta shi duka, don kar in manta yadda aka faɗe shi.

Na sa babbar rigata ta Juma'a, shuɗiyar nan da Mode ya rina mini bara. Kafin in tafi masallaci na shiga ɗakin Inna in gyara wani wuri da shafen ya ɓare a bayan ƙofa. Tana barci, na cire takalmi na shiga a hankali. Ina tsaye jikin bango sai Safinatu ta shigo da fura, da farin mayafi a kanta. Inna ta farka ta ce, "Safi, ke ta?" Nan take ta gane ta. Ni kuwa ina tsaye bai fi taku kaɗan ba, ta juyo ta dube ni sosai, ta wuce da idonta kamar ba kowa.

Safinatu ta buɗe baki za ta ce ina nan. Ban san abin da ya sa na girgiza mata kai ba.

Ta ce, "Inna, don mi za ki tahi? Wani abu munka yi miki?"

Inna ta ce, "Ba ku yi man komi ba sai alheri. Amma ɗakin ga rijiya na, ɗiyata. Da nid dawo cikinai ban ƙara ganin komi ba. Can gida ƙahwata ta san ko'ina, ba ni bukatar ido. Nan kuwa in ke ba ki kusa, wa za shi ja ni? Shi?"

Safinatu ta ce, "Ai ɗanki na."

"Shi yas sa. Ban ɗauke shi gaban mutane ba yana jinjiri, yanzu da hurhura shi riƙa jana zuwa bayan ɗaki? Gara in koma." Ta juya ludayi cikin furar. Can ta ce, "Kar ki hwaɗa mai ɗakin bai yi ba. Na ji shi kwana biyu shina shahe shina waƙa. Tun shina ƙarami haka shike, in za shi yi maka abu sai ya yi shi ya wuce wuri. Ranar da anka ce ya samu aikin En'e, bayan rumbu nit tahi niy yi guɗa ni kaɗai, kar a ji."

Shekarata talatin da wani abu ban taɓa jin ta yi maganata da tsawo haka ba. Na tsaya kamar azara har ta gama shan furar ta kwanta, sannan na sulale. Na yi laifi da na saurara, amma ba zan ce na yi nadama ba. A masallaci ban san abin da liman ya karanta ba.

A hanyar dawowa ne na gane wautata. Ba shuɗin take gani ba. Shuɗin da ke tsakiyar launin Safinatu take gani, inda duhu ya haɗu da haske. Da na shafe hasken sai na shafe mata ƙofar gaba ɗaya, har ni kaina na ɓace a ciki.

Asabar, 10 ga Afrilu, da safe

Na faɗa wa Safinatu. Na zaci za ta yi mini dariya, ta kuwa yi, har da riƙe ciki. Da ta gama ta ce, "To ni ma ban ci ba, Malam. Da nawa kaɗai anka shahwa, da ba ta ga ƙohwar ba."

Matsalar ita ce yadda za a fitar da Inna daga ɗakin ba tare da ta san na ji ba. Safinatu ta ce in bar mata. Ta shiga ta nuna mata bayan zanenta ta ce shunin yana zuba a tufafi, dole a sake. Ba ƙarya ta yi ba, yana zuba. Inna ta ce, "Wahalar banza, ni da za ni tahi." Amma ta tashi ta bi ta.

Na aika wa Sodangi. Ba zan riƙe ta da wayo ba.

Litinin, 12 ga Afrilu, bayan azahar

Shuni ba ya jin magana. Mun shafa launin Safinatu a kai, da ya bushe sai shuɗin ya ɓullo ta ƙasa, bango ya koma wani toka-toka kamar fatar jaki. Sai da na kankare shi da guntun ƙwarya, bango bayan bango, ina atishawa shuɗiya. Safinatu tana dama farar ƙasa tana yi mini kirari, wai sarkin rinin Bodinga mai rina ɗaki da mutum a ciki.

Na hana ta ƙara jar ƙasa da yawa, ta hana ni taɓa kwanon shuni sai ta ce. Aiki da ita akwai daɗi.

Laraba, 14 ga Afrilu, kafin magariba

An gama. Bango duka launin cikin ƙwarya, ya sha shafe har ya daina nuna abin da ke ƙasa. Shuɗin kuwa na zagaye ƙofa da shi ciki da waje, faɗin tafin hannu, na shafa wa dokin ƙofa, na zagaye alkuki, na ja layi a bango bayan inda randa take. Daga ƙofar na ja wani layin a jikin katanga har bayan ɗaki, daidai tsayin kafaɗarta.

Maƙwabciyar nan da ta yaba wancan ta leƙo ta ce wannan kamar an sa wa ɗaki kwalli. Na ce haka ake yi yanzu a Sakkwato. Allah ya yafe mini.

Alhamis, 15 ga Afrilu, da hantsi

Ta koma ɗakin. Na tafi aiki da wuri don kar in tsaya gadi.

Juma'a, 16 ga Afrilu, da yamma

Safinatu ta ce ta fita alwala ita kaɗai, ta dawo ita kaɗai. Na ce kar ta gaya mini, sannan na ce ta sake faɗa.

An kwance ƙyallen hannun. Ya warke, sai tabo.

Lahadi, 18 ga Afrilu, bayan la'asar

Yau ta yi faɗa da kaji. Ta kuma ce miyar Safinatu ba daddawa. Gida ya dawo daidai. Amma kayanta suna nan a ƙulle a ƙarshen gado, ba ta kwance ba. Sodangi ya aiko cewa jibi zai zo.

Talata, 20 ga Afrilu, da azahar

Sodangi ya iso da jakin, ya ɗaure shi a ƙofar gida. Ina zaune bakin rumfa ina goge allurai. Inna ta fito da kanta, ta tsallake dokin ƙofa, ta zauna a tabarma. Suka gaisa, ta tambaye shi shanu da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Inna, an gyara jinka. In kin shirya gobe da sassahe sai mu kama hanya."

Ta ce, "Ka kama dai. Ka tahi wurin Fatu maƙwabciyata, akwai adudu da nib ba ta ajiya tun shekarun baya, ka kawo man shi nan. Kar ka buɗe."

Sodangi ya dube ni, ni kuma na duƙufa kan allurai. Ya ce, "Ke hwa?"

Ta ce, "Ni mi? Ina da ƙahwar zirga-zirga cikin zahin ga?" Ta juya wajen Safinatu. "Hwaɗa ma mai keke ƙohwar ta yi. Amma shi bar waƙa in shina aiki, ba shi da murya."

Ban san ko kafin damina take nufin komawa ba, ko bayan salla. Ban tambaya ba, ba ni da bakin tambaya.

Juma'a, 23 ga Afrilu, bayan la'asar

Adudun ya iso. Ɗan ƙarami ne, an ɗaure murfinsa da igiya. Inna ta karɓa ta shige ɗaki da shi, ta kira Safinatu, suka daɗe. Da Safinatu ta fito idonta ya yi ja. Na bi ta madafa na ce mene ne a ciki.

Ta ce, "Hwarin ƙyalle na, Malam, a ninke, da ɗan turare. Likkahwaninta na. Ta nuna man yadda za a yi in lokaci ya yi. Ta ce shi ba a barin shi garin da mutum ba shi zaune."

Na leƙa ta gefen asabari. Inna ta miƙe da adudun a hannu, ta nufi alkuki kai tsaye, ta sa shi a ciki, ta gyara masa zama. Ba ta laluba ba. Sannan ta koma bakin gado ta fara kwance ƙullin kayanta.

Na fito zaure na zauna. Daɗi nake ji har cikin raina, kuma an kawo tuwo na kasa ci.